Hoton Mai Takaba

A unguwar Maamobi aka haifi Ruhaina, a gidan yawa da ke bakin babbar kwata. Uwarta Zelia tana sayar da koko da ƙosai, kuma ba ta kiran sunan yarinyar sai in aike ya taso. Ubanta Gafaru, tela, shi kaɗai ke ɗaga kai daga keken ɗinki ya ce, "Kai, yau 'yata ta yi kyau."

Tana aji biyu na sakandare ya rasu. Da can, mutuwa a unguwar nan daga lasifikar masallaci ake jin ta, mutane su tako da ƙafa, su zauna a tabarma, su yi shiru. Ruhaina kuwa ta ɗauki kanta a waya tana kuka, ta saka a intanet. Kafin a dawo daga maƙabarta, dubban mutanen da ba su san Gafaru ba sun rubuto mata: Allah ya jiƙansa, ki yi haƙuri, kyakkyawa. Ba a taɓa kula ta haka ba. Ta riƙa karantawa har idonta ya yi ja.

Bayan sadakar bakwai masu rubuto mata suka watse. Ta yi rawa ta saka, ba wanda ya tanka. Ta sake kuka, wani ya rubuto, "Har yanzu?" Wayar ta yi tsit kamar keken ɗinkin da aka lulluɓe.

Zelia tana takaba a ɗaki, ba kwalli, ba fita, ba namijin da ke ganinta. Wata rana da hantsi Ruhaina ta tarar da ita kai ba ɗankwali, ta rungume rigar mamacin tana shessheƙa. Ta leƙa da wayar ta gefen labule, ta ɗauke ta, ta saka.

Wannan hoton ya fi na farko tafiya. Ya zaga unguwar Nima, ya kai ta Kanda, ya faɗa hannun Muftahu, yayan Gafaru, wanda gidan ke hannunsa.

Ya tsaya a tsakar gida, ya juya wa ƙofar ɗakin baya. "Zelia! Mahautan Sabon Zongo sun ga gashinki, 'yan tasha sun gani. Wannan ce takabar ƙanena? Ranar da kika fita, ki nemi ɗaki."

"Yaya, wallahi ban leƙa ko ƙofa ba," in ji ta daga bayan labule.

"Tambayi 'yarki."

Zelia ta juyo. "Ruhaina." A hankali ta faɗi sunan, kuma ba aike za ta yi ba. "Ni na haife ki, ko su?"

"Mma, addu'a suke miki. Ki duba yawansu."

Uwar ta zame ta zauna a ƙasa. Hasken taga ya sauka daidai fuskarta. Ruhaina ta lura da hasken. Ta ɗan gyara tsayuwa, ta ɗaga wayar.