Baƙin Mai da Farantan Sola

Baƙin Mai ake kiransa, don tun yana saurayi ba wanda ya taɓa ganin tafin hannunsa fes. Gyaran janareto ne sana'arsa. Rumfarsa tana ƙarshen layin masu walda a bayan kasuwa, cike da tsofaffin injuna da fulogogi da gwangwanayen ƙonannen mai. Da ita ya yi aure, da ita ya raini 'ya'ya, a cikinta kuma ya samo tarin da ya ƙi barinsa. Idan aka ɗauke wuta, wato kusan kullum, shi ne sarki. Tela da mai aski da mai ƙanƙara, kowa sai "Baba, don Allah."

Sai farantan sola suka fara hawa rufin shaguna ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ƙona masa rai, autarsa ce ke hawa tsani tana ɗaura su, ita da ya sa a makarantar koyon aikin lantarki da guminsa.

Wata rana shugaban kasuwa ya tara mutane, wani jami'i ya zo da jawabi. Ya ce duniya tana ɗumama, hayaƙin mai da kwal ne sila, kuma nan da wasu shekaru yawancin ƙasashe za su koma ga rana da iska. Saboda haka an hana kunna janareto a kasuwar. Rumfar da ke ƙarshen layin masu walda kuma za ta zama ɗakin batura.

Baƙin Mai ya miƙe.

"Hayaƙina ne ya ɗumama duniya? Waɗanda suka koya maka wannan karatun suna ƙona mai tun kakana bai san takalmi ba. Da suka ƙoshi, suka lodo mana ragowar injunansu a jirgin ruwa. Ni na lallaɓa su, ni na shaƙi hayaƙin. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma yau mu yake duka."

Jami'in ya ce a yi haƙuri, dole kowa ya sadaukar da wani abu.

"Kai me ka sadaukar?"

Bai ji amsar ba, tari ya sarƙe shi. Shugaban kasuwa ya sa aka riƙo shi aka fitar, mutanen da ya yi wa aiki shekara da shekaru suna kallon ƙasa.

Da ya kwaso kayan aikinsa ya zube a tsakar gida, autar ta durƙusa gefensa.

"Baba, likita ma ya ce hayaƙin nan ne ke cin ƙirjinka. Ka zo mu yi aiki tare."

"In riƙe miki tsani ke nan?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Ƙirjina ne. Tashi ki ba ni wuri."

Ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta, sai da uwar ta sa baki.

Yanzu yana hawa tsohon babur zuwa lambunan bakin kogi, yana gyara injunan ban ruwa. Masu lambu suna son aikinsa, ko da yake daga kunce noti har ɗaure shi faɗa yake yi. Bana ɗayansu ya sayi famfo mai aiki da rana. Baƙin Mai ya tsaya ya ga ruwa na kwarara cikin kwami ba ƙara ba wari. Ya ja tsaki, ya saɓi jakarsa, ya nufi lambun gaba, inda wani inji ya ƙi tashi tun safe.