Na Haƙo Gadar Rumawa a Kontagora

"Oga, zo ka gani, mun ci karo da dutse!" in ji masu haƙa mini harsashin gida a sabon filina da ke hanyar Rijau.

Na leƙa ramin. Duwatsu ne a jere, an lanƙwasa su kamar baka, kowanne ya tokare ɗan'uwansa.

Ni kuwa satin nan kaf ina ta kallon bidiyon wata gada da Rumawan dā suka gina, ƙasa ta binne ta a tsakiyar wani birni a Italiya, mutane suna ta bi ta kanta ba su sani ba. Nan take kaina ya kumbura. Na ciro waya na nuna wa Baba Audu, tsohon maginin da ke kula mini da aikin.

"Baba, duba! Irin ginin ne sak. Ashe a kan tarihi zan riƙa kwana!"

Ya ƙura wa wayar ido, ya yaba hannun mutanen, sannan ya ce, "Malam, su Rumawan naka, don ado suka yi gadar?"

Na ce, "A'a, don ruwa mana."

"To, wannan ma tsohon kwalbati ne. Ka ce nan ne ɗakin kwananka ko? Bari Agusta ya zo, mai hanya zai dawo."

A ranar muka tuge turaku, muka ja igiya gefe, aka bar wa ruwa hanyarsa.

Rami ɗaya muka leƙa: ni na hango birnin Rum, shi ya hango katifata tana iyo. Jama'a, ku faɗi gaskiya, wane tsoho ne ya taɓa ceton ku daga iliminku na waya?