Hancin da Aka Ara Mini

A shekarar korona ina aikin nas a wani asibiti a Doha, tare da wani dattijo ɗan Armeniya mai gyaran injina. Da an samu sarari sai ya ciro fenti ya hau zanen mutane. Ya ce yana bin salon masu zanen ƙasarsu na shekaru ɗari baya, waɗanda suka daina kwaikwayon fuska sak, suka koma zuba kaloli masu ƙarfi don duniya ta san Armeniyawa na nan.

Na zauna masa sau da dama, kullum da takunkumi a fuska, don doka ta hana cirewa. Ranar da ya gama, na duba na ga goshina kore, ga rumman a hannuna. Idanun nawa ne. Amma hancin! Dogo, har da ƙusumbi.

Na ce, "Baba, wannan hancin na waye?"

Ya ce, "'Yata, ban taɓa ganin naki ba, sai na ara miki na kakata. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba."

Na tura wa mamata hoton zanen a Jos, ta bugo tana tambaya ko cutar ce ta kumbura ni.

Lokacin gasar kofin duniya, an daina sa takunkumi, muka haɗu da dattijon a unguwar Bin Omran. Ya daɗe yana kallon ɗan guntun hancina, sannan ya ce zai gyara zanen.

Na hana shi. In ya goge hancin, ina kakar tasa za ta koma?