Jitar Buba Mai Sumul ɗin Wuya

Buba ɗan kabu-kabu ne a Dogondutsi, kuma shekara da shekaru shi ke kaɗa jitar bas a ƙungiyarmu ta kiɗan biki. Ni ke bugun ganga a bayansa, don haka na san halinsa ciki da bai. Mutumin kirki ne, yakan kai tsohuwa asibiti kyauta a babur ɗinsa. Abu guda ke cin ransa: taubashinsa Salman, ɗan kawunsa. Tun suna yara, in aka ɗinka wa Salman riga, ranar Buba ba ya cin tuwo.

Salman ya tashi a ƙauye wajen Lugu, gidan masu gogen bori. Da ya dawo gari sai ya samo wata tsohuwar jitar bas, ya fara leƙowa wurin gwajinmu. Shugabanmu Munkaila ya ji shi sau ɗaya, ya ce hannunsa da daɗi. Maganar nan ta tsaya wa Buba a maƙogwaro, don kowa ya san mai bas ɗaya ƙungiya ke ɗauka.

Ragonsa na layya Buba ya sayar, ya ja ni Yamai. Muna shiga shagon kayan kiɗa ya ce wa mai shi, "Wadda babu irinta Arewa duka nika so."

Mutumin ya sauko da wata baƙa mai sheƙi, wuyanta sumul. Ƙarafan nan da ake gindayawa a wuyan jita, masu nuna wa yatsa inda zai danna, babu ko ɗaya. Ya ce ta ƙwararru ce. Shi kuwa Buba duk kiɗansa ƙirgen ƙarafa ne.

Na ja shi gefe na ce, "Buba, ina za ka aza yatsa?"

"Salman na da irinta?"

"A'a."

"To a ɗaure min ita."

Bikin farko a Dumega ne. Wallahi na ji kunya. Sautin ya yi ta yawo kamar jakin da ya tsinke, mawaƙiyarmu Firdausi tana waiwayowa tana harara. Can Salman ya taso yana dariya, ya fizge jitar, irin fizgen da taubashi kaɗai ke yi ba a yi fushi ba.

"Kawo nan, taubashi! Goge ka sawo ba ka sani ba."

Ya zame yatsa a wuyan nan yadda ya saba tun yana ƙarami, jitar ta yi wani irin kuka. Tsofaffin mata da ke can baya suka miƙe, wata har tana share hawaye da bakin mayafi. Na dubi Buba. Yana tafi tare da kowa, amma fuskarsa ta ba ni tausayi.

Da aka tashi, Munkaila ya ce Buba ya riƙa ara wa Salman sabuwar, shi Buba ya riƙe tsohuwar tasa, a dinga yi bi da bi. Buba ya ce to.

Washegari na same shi wurin mai gyaran keke. Sun kwantar da jitar kan benci, ana tsaga wuyanta da zarto, ana dasa wayoyin ƙafar keke. Mai gyaran yana awo da yatsu biyu, tsakani daidai wa daida, alhali na jita ƙara matsewa suke yi in ana gangarowa. Na yi magana, Buba ya ce in bar shi.

Tun daga ranar ba ta sake ba da sautin kirki ba. Munkaila ya ba Salman gurbin, da tsohuwar jitar da ya zo da ita, Buba ya koma kan babur ɗungurungum. Kwanan baya ya goya ni zuwa tasha, na kasa haƙuri.

"Ka kashe jita, ka rasa wurinka. Yanzu ko kai ba ta kaɗuwa gare ka."

Ya kauce wa wani rami, bai waiwayo ba.

"Shi ma ba ta kaɗuwa gare shi," in ji Buba.