Ranar da Baba Tsingaro Ya Rushe Littafinsa

Ƙarfe bakwai da rabi yake shigowa ɗakin ajiya na sashenmu a jami'a, ya rataye hula a ƙusa, ya ja kujera gaban faranti cike da fasassun tukwane. Da tsohon buroshin haƙori yake wanke su, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Shekara talatin da huɗu yana koyar da tarihin mutanen da suka rayu tun ba a san rubutu ba. Ɗalibai suka laƙaba masa Baba Tsingaro, ya ce, "Gara ku da kuka faɗa a gabana."

Ni ne mai kula da ɗakin, kuma tunda wata mai zuwa zai yi ritaya, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Baba ya yi suna ne da wani littafi da ya rubuta, inda ya ce mazauna wani kogo ba su fara ginin tukunya ba sai da suka koyi noma. Sai ga ɗalibarsa ta digirin digirgir, uwar 'ya'ya biyu da muke kira Auta, ta yi tono a kogon ta samo tsingaro a can ƙasa. Gwajin gawayin da ke tare da su ya nuna sun girmi noman nesa ba kusa ba. Tsoro ya kama ta, kada ya ƙi sa hannu a kundinta, wahalar shekara biyar ta bi ruwa. Ta ɓoye jakar tsingaron a kabad ɗina har wata uku.

Wata safiya yana duba lambobin jakunkuna ya ɗago kai. "Auta, ina jaka ta arba'in da ɗaya?"

Ta fashe da kuka. "Baba, littafinka za ta rushe."

Na miƙo jakar. Ya sa tabarau, ya daɗe yana jujjuya gutsuren. Can ya yi murmushi.

"'Yata, ai ƙasa ba ta karanta littafina ba. Share hawayenki."

Sau biyu ya sa aka sake gwajin. Da ya tabbata, shi da kansa ya miƙe a taron masana ya ce, "Shekara ashirin ina kan kuskure, ga wadda ta gyara ni." Da ta rubuta sunansa a kan maƙalar binciken, jan biro ya sa ya soke.

Baba, kai ne inuwar da ba ta hana na ƙarƙashinta tsayi. Yau Auta ke koyar da ajin da ka bar mata, ɗalibanta kuma ba sa shakkar ce mata ta yi kuskure.

Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ku kuma malamai, in ɗalibi ya zo da abin da ya fi naku, ku matsa masa a benci ya zauna.