Malam Barau da Fatun Mani

Tsawon shekara talatin, kowace safiya Malam Barau yakan taka tsohon kekensa daga Zakka zuwa Safana, ya koyar da labarin ƙasa a aji bakwai. Taswirar duniya da aka yi masa alkawari tun shekarar samun 'yancin kai har yau ba ta iso ba. Arzikin man fetur ya zo ƙasar, abokan karatunsa suka koma ofisoshi a Kaduna, shi kuwa yana nan da guntun allinsa.

Da ya gaji da jira, sai ya je wurin Mani mahauci ya aro fatun shanu biyu. Yakan yayyafa musu ruwa su yi laushi, ya durƙusa gaban aji, ya tura su su haɗu. In ɗaya ta kutsa ƙarƙashin ɗaya ta ɗaga ta, ya ce haka ƙasan teku ke nutsewa ƙarƙashin Kudancin Amurka. In suka cije suka tattare suka yi tozo, ya ce haka Indiya ta yi karo da Asiya, tudun Tibet ya tashi. Duk tafiyar nan kuma, in ji shi, ba ta fi tsiron farce sauri ba.

A 1975 wani sufeton makarantu ya shigo, ya toshe hanci. Ya ce aji ba mahauta ba ce, wannan sabon zance ma ba ya cikin littafi. Ko a fitar da fatun, ko Malam ya manta da zama hedimasta.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, kawo mini taswira, yau in mayar wa Mani kayansa."

Ba a kawo ba. Hedimasta kuwa sai wani ya zama, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ni ma ya faɗa mini.

Malam, kai ne ka sa 'ya'yan manoman gero suka san ƙasar da suke takawa tafiya take yi. Sannu da haƙuri.

Ranar da aka yi masa sallamar ritaya, aka roƙe shi ya sake nuna darasin fatun sau ɗaya tak. Ya yunƙura zai durƙusa, gwiwa ta ƙi. Sai Malama Zuwairatu, tsohuwar ɗalibarsa da za ta gaji ajin, ta gyara mayafi ta durƙusa, ta tura fatun. Tudu ya tashi. Malam ya ce ta rage sauri, ƙasa ba ta gaggawa.

Mun gode, Malam Barau, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma malaman da ke zaune kuna jiran taswira, rumfar Mani tana nan a kasuwa.