Ƙaryar da Ta Sa Ni Gudu a Bakin Teku

A shekarata ta uku ina koyar da injiniyanci a wata jami'a a Doha, aka ba ni wani ɗalibi ɗan ƙasar Sin in duba aikinsa na digiri na biyu. Siriri ne mai tabarau, magana ba ta dame shi ba. Da farko duk aikin da na ba shi kafin lokaci yake kawowa, har nakan ji kunyar jan ƙafar da nake yi wajen dubawa. Daga baya sai ya daina turo komai. In muna taro ya zuba wa allo ido, amma kana gani ka san ba ya wurin.

Na kira shi ofis na tambaye shi ko lafiya.

"Ba ciwo nake ba, Dakta," ya ce. "Sai in karanta shafi ɗaya sau biyar, in rufe, ban san me ke ciki ba. Tun ina sakandare ban san komai ba sai karatu, saboda jarrabawar shiga jami'a. Na ci, amma ban tsaya ba. Yanzu ko littafi na gani sai ƙirjina ya yi nauyi. Ni kaɗai iyayena suka haifa, ba zan iya gaya musu ba."

Na gyara zama, na ɗora hannu a kan tumbin da shinkafar gidajen abincin unguwar Najma ta gina mini a tsanake, na shiga wa'azi. Na ce masa ƙwaƙwalwa ba jaki ba ce, jiki in bai motsa ba ita ma kwanciya take yi. Na ce ya riƙa gudu da safe. Har daɗin maganata nake ji.

Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "A ina kake yin naka, Dakta?"

Da na ce ba na yi, da an wuce wurin. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Bakin teku, kullum bayan sallar asuba." Alhali rabona da gudu tun sansanin hidimar ƙasa, shi ma don soja yana bayana ne.

"Zan iya bin ka ranar Juma'a?"

Na ce me zai hana.

Da na gaya wa matata, sai ta ajiye ludayi ta dube ni. "Malam, kai da kake jiran lif don hawa bene ɗaya? To Allah Ya dawo mana da kai lafiya."

Lokacin sanyi ne, iska mai daɗi. Na same shi yana jirana kusa da inda jiragen ruwa na katako ke tsayawa, dogayen benayen unguwar West Bay suna can tsallaken ruwa. Na ɗan miƙa hannu da ƙafa yadda na ga ana yi, na ce masa yalla, wato mu je. Don in nuna ni gwani ne, da ƙarfi na ɗauka.

Ba na jin mun yi minti biyar. Wani abu ya soke ni a haƙarƙari, numfashina ya koma kamar na ragon da aka ja daga kasuwa. Wani dattijo Ba'indiye da ke tafiya da sanda ya zo ya wuce ni, har da ɗaga mini hannu. Na lallaɓa gefe na zube a kan ciyawa.

Ɗalibina ya durƙusa ya miƙo mini ruwa. Da na samu bakin magana na ce, "Gaskiya ƙarya na yi maka. Ba na gudu."

"Na sani, Dakta. Takardar farashi ta shago tana nan maƙale a sabon takalminka."

Sai ya fashe da dariya. Ranar na fara ganin haƙoransa. Ya zauna kusa da ni yana haki, ya ce shi ma saura kaɗan ya yi amai, ya daure ne kawai don bai kamata ɗalibi ya riga malaminsa tsayawa ba.

Muka yi yarjejeniya: khalas, wato shi ke nan, babu gudu, sai tafiya, sau uku a mako. Na kafa dokar hana maganar karatu a hanya. Ya ɗauka hikima ce, ni kuwa numfashin da zan yi bayani ne ba ni da shi. Shi ya riƙa magana. Ya ba ni labarin kakarsa da ke fita dandali kowace yamma ta yi rawa da tsofaffin unguwarsu, ya ce duk gidansu ita kaɗai ce ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ina jin sa ina tuna takardun da suka yi wata biyu a teburina ban iya buɗewa ba. Ashe cutar da nake rubuta wa magani, ni ma ina ɗauke da ita, sai dai ni ina kiranta yawan aiki.

Ba zan ce tafiya ce kaɗai ta warkar da shi ba. Ya je wurin mai ba ɗalibai shawara, na kuma nema masa ƙarin zango ɗaya. Amma barci ya dawo masa, shafukan ma suka fara shigowa, biyu yau, uku gobe.

Bayan wata biyu ya zo ofis yana sosa ƙeya. Ya ce ya samu wasu 'yan ƙasarsu masu buga badminton, kuma lokacinsu ya ci karo da namu. Cikin ladabi ya sallame ni, don a fili yake ina ja masa baya. Ya kammala digirinsa ya koma gida.

Ni kuwa ina nan ina tafiyata. In zafi ya shigo sai in koma zagaye cikin babban kanti mai sanyi, kuma zagayen nawa yakan ƙare ne a wurin masu sayar da shawarma.